Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikinmu, malamin jami'a mai binciken kifi da gurɓacewar ruwa, ya gabatar a wurin taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai. Mun buga shi kamar yadda ya ba mu.



Mai girma Shugaban taro, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai da suka sha fama da mu a wancan zamani, yayyenmu da suka riga mu fita, 'yan ajinmu, da ƙannenmu, ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwar ban girma.

Da Sakataren Ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabin bana, sai na tambaye shi a kan me. Ya ce a kan aikinka mana, domin shekara da shekaru ana tambaya wai me wane yake yi a jami'a, a ce kifi yake karantawa, har yau ba wanda ya gane. Gaskiyarsa. Tun ɗazu da na shigo an kira ni Sarkin Ruwa sau uku. Wani ɗan ajinmu ma, wanda ba zan kama sunansa ba don yanzu alƙali ne, ya ja ni gefe ya ce, "Kai dai ka sha daɗinka, gwamnati na biyanka albashi kana kiwon tarwaɗa." To, ranka ya daɗe, yau zan kare kaina, kuma a gaban malamanmu, don su ne suka jefa ni cikin ruwan.

Duk wanda ya kwana a makarantar nan ya san rafin da ke bayan ɗakunan kwananmu, inda muke wanki ranar Asabar. Muna aji uku Malaminmu na ilmin halittu, ga shi nan zaune a gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kai mu rafin nan da rariya da gwangwanayen madara. Ya ce kowa ya ɗaga dutse ya wanke ƙarƙashinsa a cikin gwangwani, ya ƙirga irin halittun da ya gani. Mu da muke tsammanin ba kome a ruwa sai kifi da kwaɗo, sai ga 'ya'yan mazari, ga dodon koɗi ƙanana, ga wasu tsutsotsi da suka gina wa kansu gida da yashi. Na tuna mun daɗe muna gardama a kan wanda ya fi samun iri da yawa.

A ranin shekarar, da ruwa ya ja ya bar gurabe, sai wasu suka zo da dare suka zuba gamalin a babban gurbin da ke ƙasa da mashayar shanu. Da gari ya waye kifi ya taso fari fat, mutanen ƙauye suna kwasa da kwanduna. Mu kuwa da gabza ta ishe mu, har mun fara tattara namu, Malam ya iso da bulala a hannu ya ce duk wanda ya kai kifin nan bakinsa sai ya gamu da shi. Bayan kwana biyu ya sake mai da mu wurin. Muka ɗaga duwatsu, babu kome a ƙarƙashi. Can gefe ga zalɓe kwance ya mutu. Malam ya nuna shi da sanda ya ce, "Wannan ba a ruwa yake kwana ba, ba kuma wanda ya zuba masa magani. Me ya kashe shi?" Wani ya ce kifin ya ci. Malam ya ce, "To, wanda ya ci kifin bai mutu ba fa, ina maganin ya tafi?" Aka yi tsit. Malam, ban sani ba ko kana tune da wannan tambaya. Ni dai ita nake ta amsawa fiye da shekara talatin.

Da na gaya wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, abin da zan karanta, sai ya yi shiru, can ya ce, "Kifi? Mu da ba mu gaji su ba?" Shi likita yake so. Har ya bar duniya idan baƙo ya tambaye shi aikina, cewa yake yi malamin makaranta ne, ya tsaya nan.

Ina ƙaramin malami a jami'a aka yi abin Koko, a 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a wannan ƙaramin gari na bakin ruwa, a Jihar Bendel ta wancan lokaci. Abin ya tayar da hankalin ƙasa, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda daga baya, a 2007, hukumar NESREA ta gaji aikinta na tilasta bin doka. Mu masu wannan fanni a lokacin ne aka fara sanin muna nan.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, domin ba wani sihiri a ciki. Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne gwajin awa 96, wato kwana huɗu. Za ka samo 'ya'yan tarwaɗa ko na karfasa masu girma ɗaya, kamar tsawon yatsa, ka bar su kwanaki su saba da ɗaki. Sa'an nan ka jera tankunan gilashi, kowanne ka sa kifi goma. Na farko ka zuba masa maganin da kake gwadawa ɗan kaɗan, na biyu ka ƙara, na uku ka ƙara, har na ƙarshe. Tanki ɗaya kuma ba ka zuba masa kome, shi ne shaidarka. Daga nan sai zaman gadi, kana rubuta yadda suke iyo, da wanda ya kife, da wanda ya mutu da lokacin da ya mutu. A ƙarshe ka yi lissafi ka fitar da adadin maganin da ke kashe rabin kifayen cikin kwana huɗu. Da wannan adadi ake kwatanta guba da guba a duk duniya.

Akwai ƙa'ida guda mai ɗaci: idan fiye da ɗaya cikin goma ya mutu a tankin shaida, gwajin ya ɓaci, sai a sake daga farko. Sau nawa aka ɗauke mana wuta a dare na uku, injin hura iska ya tsaya, gari ya waye duk tankunan sun mutu, masu guba da marasa guba! Akwai daren da ni da ɗalibaina biyu muka kwana muna hura wa kifi iska da famfon keke, muna karɓa-karɓa. Maiɗakina tana nan, ita za ta ba ku labarin warin da nake komawa gida da shi.

Idan kifi ya mutu ba a yar da shi. Ana buɗe kunnensa a ciro jajayen nan da yake numfashi da su, waɗanda mata ke cirewa in suna gyara, a yanka su siriri a duba da madubin likita. Na kifi mai lafiya jere suke kamar haƙoran mataji, ruwa na ratsa tsakaninsu. Na wanda ya sha guba kuwa sun kumbura sun manne da juna, majina ta rufe su. Kifin yana tsakiyar ruwa amma shaƙewa ce ta kashe shi. Wasu magungunan ƙwari kuma, irin su fiya-fiya, jijiya suke kamawa. A jikin kowace dabba, har da mu, idan jijiya ta aika wa tsoka saƙon ta motsa, akwai wani sinadari da ke share saƙon nan take don tsokar ta huta. Fiya-fiya wannan mai sharar take ɗaurewa, saƙo ya yi ta zuwa ba hutawa, kifi ya yi ta juyi yana karkarwa har ya mutu. Manomin da ya yi feshi ba kariya, ya dawo gida yana zufa, yawu na zuba, ido ya ƙanƙance, abin da ya sami kifin nan ne ya same shi.

Na yi shekaru ina wannan gwaji, na rubuta takardu a kai, aka yi mini ƙarin girma da su. Amma gwajin kwana huɗu bai amsa tambayar Malam ba. Yana gaya maka abin da ke kashewa da gaggawa ne kawai. Amsar tambayar sai da na tafi Ingila karatun digiri na uku na same ta, a cikin labarai biyu da kowane ɗalibin wannan fanni ya haddace.

Na farko a Amurka ya faru, a wani tafki da ke Kalifoniya mai suna Clear Lake. Wasu ƙananan ƙwari ne suka dami masu zuwa shaƙatawa, aka fesa wa tafkin wani ɗan'uwan DDT mai suna DDD a 1949, aka sake a 1954 da 1957. An tsarma shi ƙwarai, bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan 50 na ruwa ba, aka ce ba zai cuci kowa ba. Sai ga wasu tsuntsayen ruwa masu nutso suna cin kifi sun fara mutuwa da yawa. Da aka auna kitsensu aka tarar da maganin ya ninka abin da aka zuba a ruwa har sau 80,000. Dalili kuwa, irin wannan magani ba ya son ruwa, kitse yake so, kuma jiki ba ya iya fitar da shi. Ƙananan halittu su tsotse shi, ƙaramin kifi ya ci dubbansu ya tara nasu, babban kifi ya ci ƙananan kifaye ya tara nasu, tsuntsu ya zo ya gaje duka. Wata mata mai suna Rachel Carson, wadda ta yi aiki a hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka, ta ba da wannan labari a littafinta Silent Spring a 1962. Kamfanonin magani suka yi mata ca, ta rasu a 1964, amma a 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki. Malam, ga inda maganin ya tafi. Yana cikin kitsen wanda ya ci kifin bai mutu ba.

Na biyu a Japan ne, a garin masunta mai suna Minamata. Masana'antar Chisso ta yi ta zubar da ruwa mai zaiba a gaɓar teku tun daga 1932. Kifi ya fara tasowa, tsuntsaye suna faɗowa daga sama, kyanwoyin gari suna haukacewa suna tangaɗi suna faɗawa teku. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, ai kyanwa ce. A 1956 aka kai wata yarinya 'yar shekara biyar asibiti, ba ta iya tafiya sosai, magana ta gagare ta. Likitan asibitin kamfanin da kansa, Hajime Hosokawa, ya ba kyanwa ruwan masana'antar a 1959 ta kamu da ciwon, kamfanin ya danne sakamakon. Gwamnati ba ta amsa cewa daga masana'antar abin yake ba sai 1968. Shekara goma sha biyu ke nan ana cin kifin, ana haihuwar yara da nakasa, alhali uwayensu lafiya lau a ido. Mutum fiye da 2,000 gwamnati ta tabbatar sun kamu, waɗanda ba a tabbatar ba sun fi haka nesa. Yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka ƙulla a 2013 sunan garin nan aka sa mata.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A farkon 2010 agwagi suka fara ɓacewa a wasu ƙauyuka na Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ba wanda ya kai rahoto. Bayan 'yan watanni yara suka fara suma suna mutuwa, aka gano dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Masu binciken da suka zo daga baya su ne suka ji labarin agwagin daga bakin mutanen gari. Kuma masu haƙar zinariya da hannu a ƙasar nan da zaiba suke kama zinariyar, wankin kuwa a bakin ruwa ake yinsa.

Akwai kuma wani nau'in ɓarna da ya fi waɗannan ɓoyuwa, ina Ingila aka fara maganarsa. Masu bincike suka lura cewa a kogunan da ake sakin ruwan masai na birane bayan an tace shi, kifaye maza suna yin sinadarin gwaiduwar ƙwai, abin da mace kaɗai ya kamata ta yi. A 1998 Susan Jobling da John Sumpter na Jami'ar Brunel da abokan aikinsu suka nuna cewa abin ya bazu a kogunan ƙasar, har a wasu wurare duk namijin da aka buɗe sai a ga ƙwai a cikin marainansa. (Na ga 'yan bayan can suna dariya. Ku yi, mu ma mun yi.) Sanadin shi ne sinadarin mata da ke fita cikin fitsari, na halitta da na ƙwayoyin tsarin iyali. Don a tabbatar, wata mai bincike a Kanada, Karen Kidd, ta sami tafki guda cikin tafkunan da aka keɓe don gwaji a Ontariyo, ta riƙa zuba masa wannan sinadari daga 2001 zuwa 2003. Ƙarfinsa a ruwan bai wuce a ce an narkar da giram ɗaya a cikin tankokin mota 6,000 ba, irin manyan nan masu dakon mai. Ba a ga kifi ya taso fari a bakin ruwa ba. Haihuwa ce kawai ta tsaya, wani ƙaramin kifi da ya cika tafkin ya kusa ƙarewa ƙaf. Da gwajin kwana huɗu aka yi wa wannan sinadari a wannan ƙarfi, da an ba shi takardar shaidar ba ya cutarwa.

Yanzu mu dawo gida. Kakanninmu ma suna sa wa kifi guba, da magimfa, amma gubar magimfa rana na karya ta cikin 'yan kwanaki, kuma akwai Sarkin Ruwa na gaskiya, ba irina ba, wanda ke faɗin gurbin da za a shiga da ranar da za a shiga. Gammalin 20 kuwa don ƙwarin koko aka kawo shi, maganin da ke cikinsa, lindane, yana daɗewa a laka, yana kuma taruwa a kitse kamar yadda na bayyana. A 2009 aka sa shi cikin jerin magungunan da yarjejeniyar Stockholm ta hana. Majemanmu na dā da bagaruwa suke jima. Masana'antun fata na zamani da gishirin kuromiyam da farar ƙasa da sinadarai masu warin ruɓaɓɓen ƙwai suke yi. Kano ta fi kowane gari a ƙasar nan irin waɗannan masana'antu, a Bompai da Sharaɗa da Calawa. Ruwan Bompai ta rafin Getsi yake bi ya haɗu da Jakara ya sauka madatsar Wasai, kuma a kan hanyarsa da shi ake ban-ruwan latas da alayyafo da karas. Ƙara da mahauta, da masu wankin mota, da manomin rani da ke ɗauraye famfon feshinsa a kogi. Magungunan feshi na zamani da ake ganin sun fi sauƙi ga mutum, irin su saifametirin, su ne suka fi tsanani ga kifi.

Ba kullum guba ce ke kashewa ba. Jinin mahauta da kashin dabbobi da ruwan kwata idan sun shiga kogi, ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna shanye iskar da ke cikin ruwan. Ruwa mai zafin digiri 30, irin namu na bazara, bai fi miligiram bakwai da rabi na iskar oksijin yake riƙewa a lita ba, idan kuwa ta sauka ƙasa da biyu kifaye da yawa sai mutuwa. Shi ya sa aka fi ganin mutuwar kifi da asuba, da kuma bayan ruwan farko na damina, wanda ke wanko dattin rani gaba ɗaya. Wani tsohon masunci ya taɓa ce mini, "Malam, da giwan ruwa muke kamawa a nan, da tsage, da ƙurungu. Yanzu sai tarwaɗa." Na ce masa wannan magana tasa ta fi takarduna uku. Tarwaɗa tana da wani abu kamar ƙaramar bishiya a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da shi, don haka takan rayu a ruwan da ya kori kowa. In ka ga kogi ba abin da ya rage sai tarwaɗa, to, kogin ba lafiya.

Zan ba ku labarin abin da ya fi kome yi mini ciwo a wannan aiki. Wata rana masunta suka zo ofishina da kifi a buhu da baƙin ruwa a kwalbar lemo. Sun ce kwana uku da suka wuce kogi ya yi baƙi da dare, gari ya waye kifi ya rufe gaɓa, shanu biyu da suka sha sun faɗi. Sama da ƙauyensu akwai wata masana'anta. Na ɗauki ɗalibai muka je, amma ruwa mai tafiya ba ya jiran kowa, kogin ya riga ya wanke kansa. Na auna na kwalbar na sami abin da nake zato, na rubuta rahoto. Da aka zauna a gaban hukuma, lauyan masana'antar bai musa ko lamba ɗaya ba. Tambaya uku ya yi mini. Wa ya ɗebi ruwan? Ƙarfe nawa, kuma a daidai ina? Me ke cikin kwalbar kafin a zuba shi? Ban da amsar ko ɗaya. Aka tashi. Masuntan nan sun yi hayar mota sun zo, suka koma hannu rabbana, babbansu ma har godiya ya yi mini. Ranka ya daɗe alƙali, na san a shari'ance lauyan ne da gaskiya. Laifin nawa ne. Na yi shekaru ina rubuta takardu da Turanci a mujallun da ba mai karantawa sai irina, ban taɓa zuwa bakin kogi na koya wa mutum ɗaya yadda ake ɗibar ruwa ya zama shaida ba.

Tun daga ranar duk inda na sami taro sai na faɗa, yau ma zan faɗa. Idan kifi ya mutu da yawa a garinku, farko dai kada a ci, kada a sayar, a hana dabbobi sha. A samo kwalabe na gilashi masu tsabta, a ɗauraye su sau uku da ruwan wurin, a ɗiba nan take, ba sai gobe ba. A ɗibi ɗaya a inda abin ya faru, ɗaya kuma sama da inda ake zargi, domin wannan ta biyun ita ce tankin shaida. A rubuta rana da lokaci da wuri a jiki, mai unguwa ko ma'aikacin lafiya ya sa hannu, a ɗauki hoto da waya. Kifin da za a kawo a zaɓi wanda ke mutuwa, ba wanda ya kumbura ba. A sa duka cikin ƙanƙara a kai jami'a mafi kusa, ko ma'aikatar muhalli, ko cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa.

'Yan kasuwarmu kuma, na ga da dama a nan, musamman masu harkar banda. Na san ƙwari na cinye dukiya, na san asarar ba ƙarama ba ce. Amma fiya-fiyar da ake yayyafa wa kifi a kwali ba ta san mai saye daga ɗan mai sayarwa ba. Saboda irin wannan magani Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Su suna da injin aunawa a bakin iyaka. Uwargidan da ke jefa banda a miyar kuka ba ta da shi.

Daga ƙarshe, mai girma Shugaba, ina da roƙo. Jiya da yamma da na iso na sauka rafin nan namu. Ya ƙanƙance, leda ta cika shi, gidaje sun matso har gaɓa. Na tuɓe takalmi na shiga, na ɗaga duwatsu wajen ashirin. Jajayen tsutsotsi na samu, irin waɗanda ke rayuwa inda iska ta yi ƙaranci, sai dodon koɗi. 'Ya'yan mazari biyu kacal na gani. Daga nan na leƙa ɗakin gwaje-gwaje ta taga. Madubin likita ɗaya na hango a kan kanta, famfunan kuwa ba alamar sun ga ruwa kwanan nan. Ba laifin Shugaban Makaranta ba ne, abin da aka ba shi da shi yake aiki.

Na ji an ce kuɗin da aka tara bana ana shawarar a gina babbar ƙofa da su, mai ɗauke da sunan ƙungiya. Ban ƙi ƙofa ba. Amma ina roƙon kwamiti ya ware wani kaso a gyara famfunan ɗakin nan, a sayi madubai ko da biyar ne, da ɗan akwatin auna iskar ruwa da tsaminsa, wanda ɗan aji huɗu zai iya aiki da shi. Ni kuma na ɗauki alkawari zan riƙa zuwa sau biyu a shekara, da rani da bayan ruwan farko, in fita da yara rafin nan, mu ƙirga abin da ke ƙarƙashin duwatsu, a rubuta a babban littafi a ajiye a ofishin Shugaban Makaranta. Da an fara irin wannan littafi ranar da Malam ya kai mu da gwangwanayen madara, da yau muna da tarihin ruwa ɗaya na fiye da shekara arba'in, abin da ni ban taɓa samu ba a duk kogunan da na yi aiki a kansu.

Gobe da ƙarfe bakwai na safe, kafin a watse, zan sake sauka rafin. Na zo da rariya shida a mota. Duk mai so ya zo, ya naɗe wandonsa. Malam ya riga ya ce zai zo, a kawo masa kujera a bakin gaɓa. Alƙali kuma shi zai riƙe mana littafi.